Ba Mu Bar Gonar Kawu Ba

Ban taɓa ganin Kawu ba. Ya rasu tun Inna tana budurwa, kuma ko hotonsa babu a gidanmu. Yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rayu cikin 'ya'yan Kaka. Abin da ya bari a duniya gona ce, a wani ɗan ƙauye gaba da Giwa Tazo, a ƙasar Maiyama. Da geron wannan gona aka yaye ni.

Baba kuwa mutumin Jega ne, mahauci ɗan mahauci. Rundawa ake ce mana a can. Tun ina ƙarama na san shi da ɗingishi, yana jan ƙafar hagu kamar ba tasa ba, har mukan gane ya dawo daga kwata, inda ake yanka, tun bai shigo zaure ba. A kasuwar Jega suka haɗu da Kawu suna samari. Kawu yakan koro awaki ranar kasuwa, Baba yakan taya mahaifinsa sayen na yanka, ciniki ya zama abota. Da yaƙin basasa ya ɓarke aka shiga ɗaukar soja, tare suka tafi, ba su shawarci kowa ba. Baba bai taɓa cewa jarumtaka ce ta kai su ba. Cewa yake yi ƙuruciya ce da sha'awar kaki.

Ba ya son labarin yaƙin. Abin da na sani, rabi daga bakin Inna na ji, rabi daga bakinsa wata rana da zazzaɓi ya kwantar da shi. A can kudu ne, cikin kurmi, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Suna ƙetare wani rafi aka buɗe musu wuta, ƙarfe ya shiga ƙugun Baba ya faɗi cikin ruwa. Kawu ya saɓa shi a kafaɗa ya haura da shi tudu, ya jingina shi a gindin wata bishiya. Sai suka ji wani yana kururuwa a bakin rafin, wani sojan da ko Hausa ba ya ji, kuma ba addininsu ɗaya ba. Kawu ya ce wa Baba ya jira shi, ya koma. Bai dawo ba. Baba yana asibiti aka binne su, bai san ko a ina ba.

Da aka sallame shi, kafin ya ga nasa iyayen sai da ya je wurin Kaka. Ya durƙusa da ƙyar ya gaya mata. Inna tana bayan ɗaki tana ji. Ta ce Kaka ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai dai Kaka ta ce, kamar mai magana da kanta, "To, bana wa ka noma muna gonag ga?"

Ba roƙonsa ta yi ba, amma shi haka ya ji ta. Da damina ta faɗi ya bar wa ƙannensa teburin nama ya ɗauki hauya. Mahaucin da bai taɓa yin huɗa ba, ga gurguwar ƙafa. Ƙauyen duka suka yi ta dariya. Wadda ta fi kowa dariya Inna ce, da take kai masa fura gona, tana ce masa kunyoyinsa sun bi ƙafarsa sun karkace. Daga wannan tsiyar aka kai ga aure. Har yau in ta so tsokanarsa sai ta tuna masa.

Bayan rasuwar Kaka bai daina ba. Kowace damina yana can, kowace kaka a ɗoro damman gero a mota a kawo Jega, rabi mu ci, rabi sadaka. Inna da maƙwabta su yini suna daka, a yi fura a raba a unguwa ranar Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci sai tsofaffin abokan sojansa su zo. 'Yan kaɗan ne, kuma kullum raguwa suke yi. Akwai wani mai ɗinkin buhunan albasa daga Aliero, akwai wani dogo mai ido ɗaya daga Maiyama da ya koma karantar da allo, muna ce masa Baba Malam. Su zauna a zaure su yi wa waɗanda ba su dawo ba addu'a, ni kuma ina laɓe ina ji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne har iyayen abokan gabar da suka yaƙa suna roƙa wa haƙuri. Na taɓa tambayar Baba dalili.

"Su ma ɗiyan wasu na," ya ce. "Can ma akwai tsohuwar da ta jira ba ta gani ba."

A ƙarshe Baba Malam yakan ce Allah kada ya nuna wa 'ya'yanmu abin da muka gani, kowa ya shafa.

Allah ya yi nasa ikon. Autanmu, wanda ya fi kowa kama da Baba, yana gama sakandare ya ce soja zai shiga. Baba ya yi faɗa, ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarsa. Da ya ga ba zai tanƙwaru ba, shi da kansa ya raka shi tasha, ya cusa masa ƙullin kilishi a jaka. Aka kai shi arewa maso gabas. Ya yi shekaru yana zuwa hutu yana komawa, ya yi aure, matarsa ta haihu. Wata safiya Baba yana tsakiyar yankan nama aka kira shi a waya. Waɗanda ke wurin sun ce ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode, ya rufe naman da takarda, ya wanke hannu ya nufi gida. Lokacin ina Aliero a gidan mijina. Da na iso na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, idonta a bushe.

"Sau biyu ke nan," ta ce mini. "Yayana, da ɗana. Ko ɗaya ban ga kabarinai ba."

Muna cikin wannan kuma abin da muke ji a rediyo ya fara matsowa. A da 'yan bindiga labarin wasu wurare ne. Sai muka fara ganin mutane a tashar Jega da tabarmi da tukwane, ba su san inda za su ba. Maigidana direba ne, albasa yake ɗauka daga Aliero ya kai kudu, shi ya fara gaya mini akwai hanyoyin da ba a bi in la'asar ta yi. Sannan a ƙarshen wata damina da ta yi kyau ƙwarai, aka shiga wani ƙauye kusa da na su Inna, aka kore shanu, aka harbe wani mutum a gonarsa, ɗan ƙanen Kaka ne ma. Washegari ƙauyukan wajen suka watse, mutane suka koma Maiyama wurin 'yan'uwa. Aka ce an aiko cewa duk wanda ya shigo girbi, shi ya sani. Gero kuwa ya nuna, tsuntsaye sun sauka a kai.

Yayanmu, babban ɗan Baba da ya gaji teburin nama, shi ya kira ni. "Ki taho ki yi ma tsohon ga magana. Wai girbi za shi."

Na tarar da Baba a zaure yana wasa 'yar wuƙarsa a dutse. Ya tsufa sosai a lokacin, sai da sanda yake tashi. Na gaishe shi na zauna, na fara a hankali. Na ce gero dai ana sayensa a kasuwa. Na ce sadakar bana mu 'ya'yansa mun ɗauke masa. Bai ko ɗago ba. Sai na daina lallashi.

"Baba, auta ko binne shi ba mu samu yi ba. Kai ma so kaka yi a kira mu ga waya?"

Ya ajiye wuƙar. "Ɗiyata, mai gonag ga ya aje ni gindin icce, yac ce in jira shi. Da ya bi ta kainai, da yanzu shi ad da jikoki, ba ni ba. Ke da kika wagga magana, da babu ke. Yanzu wasu yara su aiko in bar gonatai, ni kau in bari?"

Yaya ya ce shi dai in ta kama zai ɓoye sandar. Mun ɗauka Inna tana bayanmu, ita da ta rasa ɗa. Sai ta ɗaga labule ta leƙo zauren, abin da ba ta saba yi ba.

"Ku bam mai sandatai. In kun hana shi, ni in tahi. Can anka haihe ni, na san hanya."

Baba bai roƙi kowa ba. Ya dai je kwata da safe ya zauna inda ya saba, ya faɗa wa abokan sana'a cewa jibi zai tafi girbi. Mutanen da suka yi shekaru suna shan furar gidanmu suka dubi juna. Kafin azahar magana ta zagaye kasuwa. Ni kuma na koma Aliero na tarar da maigidana yana duba tayoyin mota, wai ya ji surukinsa ba shi da abin hawa. Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce so yake in zama marainiya da bazawara a yini ɗaya. Ya bari na gama, ya ce, "To ki taho ki tsare mu." Ban san ko wasa yake yi ba. Haushi ya sa na ce zan je, da na faɗa kuma ban iya janyewa ba.

Muka tashi da sassafe, bayan motar cike da rundawa, wasu ko lauje ba su taɓa riƙewa ba, sai wuƙaƙensu na aiki. Yaya yana ciki, fuska a ɗaure. A Maiyama muka tsaya muka ɗauki Baba Malam da waɗanda suka yarda su biyo mu cikin mutanen ƙauyen. Ba duka suka yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu samari 'yan sa-kai suka zo da bindigoginsu na toka za su hau, Baba ya hana.

"Girbi za mu, ba yaƙi ba," ya ce musu. "Na san yaƙi. In kun taho da waɗanga, sai an yi shi."

Ban taɓa jin shiru irin na ƙauyen nan ba. Ƙofofi a buɗe, turmi a kwance a tsakar wani gida, shanya tana nan a igiya rana ta cinye ta. Wata akuya ta haihu a zauren mai gari, ta dube mu ba ta ko motsa ba. Inna ta wuce kai tsaye gidan mahaifiyarta, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida kamar jiya ta fita, ta ce in hura wuta. Na ce hayaƙi zai nuna muna nan. Ta ce ai don haka ta ce in hura.

Muka ɗora shinkafa da wake, rundawa sun zo da nama da kayan ciki. Daga gida ina jiyo su a gona. Babu lokacin da za a girbe kara a bar shi ya sha iska, zangarniya kawai ake yankewa a tsaye. Wurin yanka mahauta sun fi kowa sauri, amma ɗaurin dami ya gagare su, duk wanda suka ɗaura aka ɗaga sai ya watse. Manoman suka yi ta yi musu tsiya. Na ji dariya ta tashi, har na manta inda muke.

Da rana ta yi tsaka muka ɗauki abinci, ni da Inna da wasu mata. Shigarmu gonar ke nan, ban ko sauke abin da ke kaina ba, muka ji ƙarar babura daga wajen daji. Kowa ya tsaya da abin da ke hannunsa. Wasu samari suka faɗa cikin kara. Baburan suka fito suka tsaya a gindin tsamiyar da ke bakin gona, kowanne da goyo, fuskoki a naɗe, bindigogi a rataye. Ni dai na tsaya da kayan a kaina. Abin da ya zo mini a rai 'ya'yana ne da na bar wa maƙwabciya.

Baba yana zaune a kan dami. Ya ce, ba da ƙarfi ba, kowa ya ajiye wuƙa a ƙasa. Aka ajiye. Ɗaya daga cikin mutanen ya sauko ya tako zuwa wurinmu. Da ya matso na ga idanunsa, saurayi ne, bai kai autanmu ba.

"Wa ya ba ku izni?" ya ce.

"Mai gona," in ji Baba.

"Ina shike?"

"Ya mutu wurin yaƙi tun ba a haihi ubanka ba. Ni yab bar ma ita."

Saurayin ya gyara riƙon bindigarsa. "Tsoho, ba ka jin tsoro?"

"Ina ji. Na hi ka sanin abin da wagga aba taka yi ma mutum, ga shi nan ga ƙuguna. Amma gero ya nuna."

Sai Inna ta sauke robar abincin daga kanta ta dire a ƙasa, ta tsaya tsakaninsa da Baba. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"In yunwa kuka ji, ga abinci. In kisa kunka zo yi, ku hwara da ni. An kashe yayana nesa, an kashe ɗana nesa, sai dai a ba ni labari. Wanga karo ba ni jin labari, ina nan tsaye."

Saurayin ya dube ta, ya waiga wurin 'yan'uwansa. Wani daga gindin tsamiyar ya yi masa fito, sannan ya taho shi ma. Suka bi mu ɗaya bayan ɗaya suna karɓe wayoyi. Maigidana ya yi jinkirin ciro tasa, aka buga masa gindin bindiga a kafaɗa har ya durƙusa. Suka ɗauki robar naman suka bar mana shinkafar, suka tada babura suka bi ta inda suka fito.

Har yau ban san abin da ya sa suka tafi ba. Wasu sun ce yawanmu suka gani, wasu sun ce maganar Inna ce, wasu sun ce Baba yana da wani abu tun na soja. Ba shi da komai. Daga baya mun ji cewa a wannan yammacin an shiga wani ƙauye can gaba, an tafi da mutane. Mai yiwuwa su ne, mu dai ba mu ne aikinsu na ranar ba. Shi ya sa ba na son in ji ana ba da labarin nan kamar mun ci wani yaƙi.

Da ƙarar ta ɓace Yaya ya ce kowa ya hau mota, yanzu-yanzu. Baba ya dubi inuwarsa ya ce azahar ta yi. Ya dafa sanda ya miƙe ya kira salla da kansa, da tsohuwar muryarsa mai karyewa, a ƙauyen da aka kwana biyu ba a kira ba. Waɗanda suka ɓuya cikin kara suka fito ɗaya-ɗaya suna sunkuyar da kai. Aka yi alwala da ruwan da muka kawo na sha, aka yi sahu a kan kararen da aka tattake, mu mata a baya. Baba Malam ya ja mu. A raka'ar ƙarshe ya yi alƙunut, bayan sallama kuma ya juyo ya ci gaba da Hausa. Ya roƙa wa mai gonar rahama, da abokansu da suka kwanta a kurmi, da autanmu da sauran 'ya'yan mutane da ke kwance a arewa maso gabas, da mutumin da aka harbe a gonarsa.

"Ya Allah," ya ce, "mun ga na hwarko da ƙuruciyarmu, ga shi muna ganin wani da tsuhwanmu. Ba mu gaji da roƙonka ba. Ka sauko muna da zaman lahiya. Yaran ga da sunka tahi yanzu, in masu shiryuwa na, ka shirye su, in ba masu shiryuwa ba na, ka yi muna maganinsu. Mu dai ba mu barin ƙasag ga. Nan ka aje mu."

Da ƙarfi aka ce amin, kamar ana so a ji har cikin dajin. Ni sai a lokacin kuka ya zo mini. Inna ta zungure ni ta ce in tashi in raba abinci kafin ya huce.

Aka ci shinkafa ba nama, mahauta suna ta mita, wai yau rundawa aka yi wa fashin nama. Aka koma aiki. Da aka gama gonar Kawu aka shiga ta mamacin nan, aka yanke wa matarsa abin da ya samu, sannan ta waɗanda suka biyo mu. Ba mu gama duka ba. Da la'asar maigidana ya ce ko an gama ko ba a gama ba shi zai tada mota, wannan karon Baba bai musa ba. Da hannu ɗaya ya tuƙa mu har Jega.

Baba ya sha jinya bayan nan, ƙafar ta kumbura har ba ta shiga takalmi. Yaya ya daɗe ba ya zama su yi hira, gaisuwa kawai. A kasuwa wasu suna yaba mana, wasu suna cewa ganganci ne, tsoho ya kusa ja a kashe magidanta. Ban iya musa musu ba. Da saurayin nan ya ja kunamar bindiga, da yanzu wani labari ake yi, kuma ba zan ce wa kowa ya je ya yi abin da muka yi ba. Amma na san yadda nake kafin ranar. Ko taya ta fashe a titi sai gabana ya faɗi, addu'ar zaman lafiya ma a hankali nake yinta, kamar mai gudun kada a ji. Tsoron yana nan, sai dai yanzu in na tuna fuskar nan a naɗe tana tambayar ubana izni a gonar kawuna, haushi yakan riga tsoron zuwa.

Abin bai ƙare ba har yanzu. Wasu mutanen ƙauyen sun koma, wasu sun sayar da awakinsu sun zauna a Maiyama suna kabu-kabu da babur. Baba Malam ya rasu bara a kan gadonsa, aka binne shi inda 'ya'yansa za su iya ziyarta. Inna ta ce wannan ma arziki ne. Baba ba ya iya hawa mota yanzu, ko masallaci sai an riƙe shi.

Ruwan farko ya sauka a makon jiya. Ina tsakar gida ina kwashe shanya wayar maigidana ta yi ƙara. Yaya ne. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya tambaya ko motar tana gida ko tana kudu. Maigidana ya ce tana gida, lafiya?

"Iri za mu kai," in ji Yaya. "Ka hwaɗa ma ƙanwata, in za ta, ta taho da babbar tukunya. Mutanen bana sun hi na wancan karo yawa."